Kujerar Gaban Harriet

"To ɗanɗana mana, in ƙarya nake yi!" Na miƙa masa yatsana har ya kusa taɓa hancinsa. "Ɗanɗana, Clifford. In ba gishiri ba ne ka kira ni mahaukaciya."

"Enid, sauke hannunki, abinci nake ci."

"Ci abinka. Ƙarin gishiri na kawo maka, daga ƙarƙashin motarka na lakato shi."

Ƙanena Clifford ya ajiye cokali, ya tsura wa tagar kicin ɗinsa ido kamar an rubuta masa amsa a jikin labule. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma har yau in zai yi ƙarya kunnuwansa ne ke fara yin ja, kamar lokacin da yake sace min alewa a aljihun rigar makaranta.

"Zagaye ɗaya na yi da ita. Don inji ya ɗan motsa jini."

"Zagaye ɗaya? Da Glenda Pickersgill a gaba, da hularta mai gashin tsuntsu? Doreen ta gidan waya ta gan ku. Mai nama ya gan ku. Har karen fasto ya gan ku. Ni kaɗai ce ban gani ba, don sai da ka bari na tafi gyaran gashi."

"Furanni take son gani. Fararen nan da ke fitowa a maƙabartar coci a Fabrairu. Sati biyu suke yi su mutu, Yaya."

Ba ya ce min Yaya sai ya ga ruwa ya kai masa wuya.

Duk wanda ya zauna da masu tsofaffin motoci a garin nan ya san dokarsu ta farko. Daga ranar da motar hukuma ta fara watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, wajen Nuwamba, har ruwan Maris ya wanke shi, tsohuwar mota ba ta leƙa waje. Gishiri cin ƙarfe yake yi ta ƙasa, a ɓoye, sai wata rana ka dangwala yatsa ka ga ya wuce. Shekara takwas Clifford yana karanta min wannan karatu. Ranar da na cika saba'in da biyar, a Fabrairun bara, na roƙe shi ya kai ni cin abinci a motarsa, mil biyu kacal. Ya ce, "Ke ma kin fi kowa sani." A bas muka tafi. Da ɗan kawunmu ya rasu a Disamba, iyalinsa suka so ta bi bayan gawa, Clifford ya ce mamacin ma da yana raye da ya fahimta.

"Amma furanni kam ba sa jira," na ce. "Ko ba haka ba, Cliffy?"

"Kar ki kira ni haka."

"Ita ta kira ka, ka amsa har da washe haƙoran roba."

Sunan motar Harriet, shi ya raɗa mata. Ƙirar nan Coventry ce ta 1964, koriya mai duhu irin ta kwalba. Ƙofa huɗu gare ta kamar motar mai iyali, amma injin da ke cikin hancinta na 'yan tsere ne. A zamaninmu manajoji da likitoci ne ke hawan irinta, sai kuma ɓarayin banki, don 'yan sanda ba sa ganin ko ƙurarta. A rumbun wani manomi Clifford ya tsinto ta bayan matarsa ta rasu, kaji na ƙwai a kujerar baya, ƙasanta duk tsatsa ta yi masa ƙofofi. Shekara tara ya yi a kanta. Ya kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, ya jera komai a gwangwanayen biskit, kowanne da takarda a manne.

Kuma da aka gama ɗin ma ba a gama ba. Duk Lahadi sai ya tura ta taku ɗaya gaba ko baya don kada taya ta kwanta gefe guda. Akwai faranti a ƙarƙashin inji yana tarar ɗigon baƙin mai, ya ce ranar da ta daina ɗiga to man ne ya ƙare. Yakan sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin a maƙogwaron inji, ya rufe ido yana sauraron numfashinta kamar likita. Gilasai kullum a sauke faɗin yatsa biyu don iska ta zaga. Lulluɓinta kuwa tsofaffin zannuwan gadon mahaifiyarmu ne, na auduga, masu faci.

Wannan duk nasa ne. Amma kujerun nawa ne.

Ina da shekara sha biyar na bar makaranta na shiga kamfanin mota, ɓangaren ɗinkin kujeru. Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗinka fatar da manya za su ɗora mazaunansu a kai, in an tashi in hau kekena in koma gida cikin ruwan sama. Ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Da Clifford ya zo kan kujerun Harriet, ni na karɓe su. Jar fata, saniya huɗu. Lokacin sanyi biyu na kwashe a falona da tsohon keken ɗinkina, yatsun nan nawa da suka kanannaɗe suna kuka ina ba su haƙuri. Kowane layi sai da na auna shi da ido yadda ake yi a da. Masu ba da kofi a wajen baje kolin motoci sun sha durƙusawa suna neman inda allura ta kauce, ba su samu ba.

Ladana guda ɗaya ne, kuma ban taɓa neman wani ba. Duk Lahadin ƙarshe ta Afrilu ƙungiyar masu tsofaffin motoci na yin fitar farko ta shekara, mota arba'in a jere, daga filin coci har wani ƙauye a kan tuddai inda ake shan shayi. Wanda ke kujerar gaba shi ke riƙe littafin hanya, yana karanta wa direba: mil ɗaya da rabi ka yi hagu a gada, mil uku ka yi dama a gidan mai. Shekara takwas ni ce. In rufe ƙofa a hankali, ƙamshin fata da katako da ɗan fetur ya lulluɓe ni, Clifford ya sa giya ta uku a hawan nan na bayan gari, Harriet ta yi wannan gurnani nata da ake ji a ƙashin baya. In mun zo gidan waya sai in ɗaga wa Doreen yatsu biyu kawai, ba na ko juya wuya. Mun ɓata hanya sau biyar a shekara takwas, duk laifin masu rubuta littafin ne.

"Tunda maganar ta taso," in ji Clifford, yana juya cokali a kofin da ba komai a ciki. "Fitar Afrilu. Na ce wa Glenda ta riƙe littafin bana."

Na goge gishirin yatsana a jikin rigata.

"Ba wai an bar ki ba ne. Ki zauna a baya. Bayan ma ai ke kika ɗinka, ya ma fi faɗi, kya miƙe ƙafa."

"Inda kaji suka yi ƙwai."

"Haba, Enid."

"A'a, daidai ne. Tsohuwar kaza, a mayar da ita gurbinta."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Kwana uku ina jin sa a gareji, kwance a kan kwali a ƙarƙashin Harriet da tiyo da buroshin haƙori, yana wanke zunubinsa yana tari. Ban kai masa ko shayi ba.

Bari in faɗi gaskiya game da Glenda, don kada a ce ƙiyayya ce. Shekara ɗaya ke nan da ta tare a gidan da ke kallon namu, daga Solihull, mijinta likitan haƙori ne ya mutu ya bar ta da labulaye masu tsada. Shekararta sittin da shida, tana zuwa iyo duk Talata, tana iya sunkuyawa ta ɗaure takalmi ba tare da ta kira sunan Allah ba. Kek ɗinta kuwa, ina baƙin cikin faɗa, yana da daɗi. Aibinta ɗaya: ba ta san komai game da mota ba. "Tsohuwar motar Cliffy" take ce wa Harriet. Ta taɓa tambayarsa me ya sa bai sa mata rediyon zamani ba, ya yi dariya. Ni da na tambaya da sai ya yi sati bai gaishe ni ba.

A ƙarshen Fabrairu na ɗauki kwalbar zumar da aka ba ni tun Kirsimeti na tsallaka titi.

"Misis Tranter! Shigo, shigo. Yanzu na sauke kek."

"Ce min Enid, 'yar nan. Ai mun kusa zama 'yan mota ɗaya."

Muka sha shayi, na ba ta labarin matar fasto da mai gyaran famfo, ta yi ta cewa "kai, haba" tana ƙara min yanka. Ni dai neman ƙofa na zo yi, ban san ta inda za ta buɗe ba. Ita da kanta ta buɗe min.

"Enid, shawara nake nema. Cliffy zai cika shekara ranar sha huɗu ga Maris, na rasa me zan ba shi. Sai na tuna abin da na gani a garejinsa. Mota mai kyau haka, da tsummokara yake rufe ta! Har da faci. Abin ya ba ni tausayi."

Na ajiye kofina a hankali.

"Rowa ce, ƙawata. Tun yana yaro haka yake. Ba zai saya wa kansa ba."

"To in sai masa murfi na gaske? Wane iri?"

"Mai kauri," na ce. "Na leda, irin wanda ake rufe kwale-kwale da shi. Wanda ko numfashi ba ya ratsa shi."

Har da rubutawa ta yi a bayan ambulan.

Ko yaron da ya yi sati ɗaya a ƙungiyar nan ya san ba a rufe tsohuwar mota da leda. Gumi take yi a ciki, danshi ya rasa hanyar fita ya koma cikin fenti. Lissafina mai sauƙi ne. Clifford ya buɗe gareji ya ga Harriet a naɗe cikin leda kamar ragowar nama, ya yi irin haukan da na san shi da shi, Glenda ta tattara hularta ta koma bayan labulenta. Awa ɗaya a cikin leda ba ta kashe mota. Awa ɗaya kawai nake bukata.

Ranar biyu ga Maris Clifford ya tafi Leeds wajen 'yarsa da aka yi wa aiki a gwiwa, zai dawo ranar da zai cika shekara. Ya ba ni makullin gareji kamar yadda ya saba, da takardar dokoki shafi biyu. Washegari da safe sai ga Glenda a ƙofata da wani ƙaton ƙunshi shuɗi, da bokiti.

"Ai da saura kwana goma sha ɗaya," na ce.

"Gwadawa zan yi in ga ko ya yi mata. Kuma ba na sa sabuwar riga a jiki mai datti ba, sai na yi mata wanka."

Da na hana ta a nan, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma sai na hango fuskar Clifford in ya ji cewa an wanke Harriet da sabulun kwanoni, na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na buɗe mata. Ta jawo tiyo ta yi ta feshi tana waƙa. Ina kallo ruwa yana shiga ta saman gilasan nan da ke sauke, yana gangarawa ciki. Na ce a raina, bari ta tafi, in yaye ledar, in goge, in shanya, ranar sha huɗu da safe in mayar.

Ko tsanewa motar ba ta yi ba ta ja ledar ta rufe ta ruf. Sannan ta yi abin da ban sa a lissafi ba. Ta kwanta a ƙasa, matar nan, ta shige ƙarƙashin mota kamar ƙadangaruwa, ta ɗaure igiyoyi huɗu a tsakiyar cikinta, ta ja su tamau. Ta fito tana karkaɗe gwiwa.

"Ya zauna ɗas! Bari kawai in bar shi, wa zai sake wannan wahala? Kar ki gaya masa fa."

"Ni? Bakina ai kabari ne."

Da la'asar na koma ni kaɗai. Rabon da gwiwata ta taɓa ƙasa da yardarta tun bikin 'yar Clifford. Na gwada da mariƙin lema, na gwada da sandar shanya. Na samu na durƙusa da ƙafa ɗaya, na yi minti ashirin kafin in miƙe, ina riƙe da madubin Harriet ina ba ta haƙuri. Igiya ko gezau.

Akwai almakashi, ban manta ba. Amma in na yanke, Glenda da ke leƙowa kullum da safe ta shafa ledarta za ta tambayi dalili, in na faɗi dalili kuwa ta gane na sani tun farko. Akwai Norris, sakataren ƙungiya, da zai zo ya kwance cikin minti biyu. Amma bakin Norris ya fi nawa yoyo, kafin Lahadi mota arba'in sun ji cewa Enid Tranter, wadda ta yi shekara ashirin da biyu a kamfani, ta tsaya tana kallo aka naɗe mota a leda. Na ɗage gefen ledar na maƙale da 'yan maƙalan shanya don iska ta shiga. Da safe Glenda ta cire su ta mayar min a hannu, ta ce na manta kayana.

Sai kuma rana ta fito, abin da ba ta saba yi a Maris ba. Rufin garejin na kwano ne. Da rana ya ɗau zafi, da asuba ya yi sanyi ƙarara. Ina sa tafin hannu a kan ledar in ji ta da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

Zan iya cewa ban san abin da ke faruwa a ciki ba. Na sani sarai. Kullum sai na shiga da almakashi a aljihun rigar girki, in tsaya. In tuna jar fatar nan da yadda na bi ta layi layi. In zaro almakashin. Sai in hango hular gashin tsuntsu a kujerata, tana wucewa ta gaban gidan waya, ni kuma a baya kamar kayan wanki, Doreen tana ɗago min yatsu biyu. In mayar da shi aljihu in ce gobe.

Ranar sha huɗu Clifford ya sauka daga tasi da azahar. Glenda ta tare shi da kek mai kyandir, ta sa shi ya rufe ido, ta ja shi har gareji. Ni ina biye, wani ɓangare na zuciyata ya gyara zama yana jiran kallo.

"Buɗe!"

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon shuɗin tulin nan.

"Tun yaushe?" Muryarsa can ƙasa.

"Tun washegarin tafiyarka! Sai da na wanke ta tas tukuna."

Ya cire kwat ɗinsa na tafiya ya shimfiɗa, ya kwanta, ya kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya ja ledar sai ruwa ya zubo daga cikinta kamar an matse tsumma.

Koren nan da kake ganin fuskarka a ciki ya yi fari fari, dabbare dabbare, kamar an zuba madara a shayi ba a juya ba. A kan hancinta da rufinta ƙananan ƙuraje sun taso, ɗaruruwa. Ya buɗe ƙofar gaba. Warin ne ya fara fitowa, warin ɗakin da aka rufe shekara guda. Sannan na ga kujerata. Fumfuna ta yi mata gashi, fari da kore, ta bi kowane layin ɗinki kamar da gangan, don zaren ne ya fi shan ruwa. Na san kowane ɗaya daga cikin layukan nan.

Glenda ta ajiye kek a kan teburin kayan aiki, hannunta a baki.

"Me ya faru? Cliff, me na yi?"

"Leda ba ta barin mota ta sha iska," ya ce. "Wa ya ce ki sayi irin wannan?"

To, ga shi nan. Na sunkuyar da kai ina jiran sunana. Glenda ta dube ni, hawaye na zuba, ta mayar da ido kansa.

"Ni ce. Ni na zaɓa. Ban tambayi kowa ba."

Wato rufa min asiri take yi. A zatonta kuskure na yi irin na tsufa, take kare ni. Na ji kamar ta mare ni da safar hannu mai laushi. Amma na daure, na ce ba komai, yanzu dai hadarin zai sauka. Na san ƙanena. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin da ya taɓa tsayar da mota a gefen titi ya sa na fita na karkaɗe siket saboda ɓurɓushin biskit guda ɗaya. Mutumin da ya kori jikansa daga gareji don ya huci gilashi.

Ya ja numfashi. Ya sauke.

"Ba komai, Glenda. Fenti ne kawai. Da zuciya ɗaya kika yi."

Sannan ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro ƙyallen nan mai laushi, rawaya, wanda ba ya goge komai da shi sai katakon gaban Harriet, wanda ni ko taɓawa ba a yarda in yi ba. Ya miƙa mata. Ta share hawaye da shi. Har da fyace hanci.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Fenti ne kawai? Fenti ne kawai, Clifford? Shekara tara! Ni ɓurɓushin biskit ka tsayar da ni a titi motoci talatin suna wucewa suna kallona! Ka yi faɗa mana! Ina haukan naka? To in ita ba ta isa a yi mata ba, ni ce! Ni na ce ta sayi leda, mai kauri, wadda ba ta numfashi! Ina tsaye ta wanke ta gilashi a sauke! Kwana goma sha ɗaya ina shigowa da almakashi ina fita da shi!"



"Kin san abin da zai faru?" in ji Glenda. "Kina cin kek ɗina kina faɗa min, kin sani?"

"Kek ɗin ma ya cika sukari."

Ƙarya ce, amma ita ce kaɗai ta zo min.

A kicin ɗinsa aka ƙarasa, don Clifford ya ce ba za a yi ihu a gaban Harriet ba. Faɗan da na yi oda ya iso cif cif, sai dai a ƙofata aka sauke shi. Ya kira ni muguwar tsohuwa. Ya ce tun muna yara haka nake, in ba a ba ni abu ba sai na tofa masa yawu. Ya tono maganar kekensa da na jefa a rafi a 1961. Glenda ta shigo da kek ɗinta, ta koma gefe ta haɗa shayi a buta, don ita irin matan nan ne da ko gida na ci da wuta sai sun ɗora ruwa.

Da ya tsaya shan iska na ce, "Ka gama? To saurara. Farin nan na fenti zai iya tashi in ka sa mata ɗumi ka bi da man gogewa, ƙurajen kuma sa jira kaka. Kujeru ka bar min. Sati uku, in kashe fumfunar, in ciyar da fatar, inda zare ya ruɓe in sake. Za ta fita a Afrilu. Amma gaba tawa ce."

"Ciniki ma kike yi? Ke da kika..." Ya kasa ƙarasawa. "Akwai mai ɗinkin kujeru a Nuneaton. Gobe zan kira shi."

"Wanda ke ɗinki da gam? Ka bar wannan ya sa hannu a fatata?"

"Fatar saniya ce, Enid. Kuma tawa ce."

"Cliff," in ji Glenda a hankali, tana ajiye butar shayi a tsakiyar tebur. "Ka bar mata kujerar. Ni dama karatu a mota juya min ciki yake yi, kunya ce ta hana ni faɗa. Tunda abin ya dame ta har haka, ta zauna. Ni ba komai."

Na dube ta. Fuskarta fes, ba ko alamar gatse. Da gaske take, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Kujerar da na ɗinka da yatsuna, yau matar likitan haƙori ce za ta miƙo min ita sadaka, da hancinta ja, da ƙyallen Harriet a hannu.

"Riƙe kayanki, baiwar Allah. Ban zo bara ba."

"Ba ma nata ba ne da za ta bayar," in ji Clifford. "Ba gaba, ba baya. Ki tsaya a gidan waya ke da Doreen ku ɗaga mana hannu." Ya miƙo tafinsa. "Makullin gareji."

"Clifford."

"Makulli."

"Ni na yi maka wanka kana jariri, mai kunnen jemage."

"Makulli, Misis Tranter."

Na zaro shi daga aljihu. Na kalli tafin hannunsa, da baƙin man da ya zauna a layukansa shekara da shekaru. Na ɗage murfin butar shayin Glenda, na saki makullin a ciki, ya yi ƙulum, na mayar da murfin yadda na same shi.

"A sha lafiya," na ce.

Na ɗauki jakata, na yanki kek babba na naɗe a takarda, na fita na buga ƙofar da ƙarfin da sai da farantan mahaifiyarmu suka yi ƙara a jikin bango.